Karatun Bayoloji: A Fahimta Kafin A Haddace

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar wa 'yan ajin ƙarshe na ɓangaren kimiyya a ranar taron ƙungiya na shekara-shekara





Da farko ina godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a wannan makaranta mai albarka. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin magana da ƙannenmu a kan karatun Bayoloji, wato kimiyyar halittu masu rai. Ga malamanmu nan zaune, sun fi ni sanin wannan fanni nesa ba kusa ba. Abin da zan faɗa daga wurinsu na samo tushensa, sai ɗan abin da na ƙara a jami'a.

Ƙannena, watanni kaɗan suka rage muku ku zauna jarrabawar WAEC da ta NECO, ga kuma ta JAMB. Duk wanda ke son ya zama likita, ko likitan dabbobi, ko ma'aikacin jinya, ko mai haɗa magunguna, ko masanin aikin gona, dole ya sami kiredit a Bayoloji, wato daga C6 zuwa sama. A jarrabawar JAMB kuwa, mai neman likitanci zai haɗa Bayoloji da Turanci da Kemistiri da Fizik, maki 400 duka. Kowace shekara muna ganin yara masu ƙoƙari suna zaman gida saboda wannan darasi ɗaya, alhali shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa. Sukan ce ai Bayoloji ba lissafi a ciki, hadda ce kawai, idan jarrabawa ta matso sai a kwana uku a kan littafi. Wannan zato shi ne ya kayar da mutane da dama.

Dalili kuwa shi ne, karatun aku ba ya jure wa tambayar da aka sauya wa riga. Ɗalibi zai haddace ma'anar osmosis kalma bayan kalma, amma idan aka tambaye shi abin da ya sa shuka take ƙonewa in an zuba mata takin zamani dab da saiwa, sai ya yi zuru, bai san tambayar ɗaya ce ba. Saboda haka maganata a yau guda ɗaya ce: ku fahimci tushe tukuna, sa'an nan ku haddace abin da ya kamaci hadda. Tushen kuwa bai da yawa. Kamar yadda tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, haka Bayoloji take zaune a kan abubuwa uku.

DUTSE NA FARKO: ƘWAYAR HALITTA

A shekarar 1665 wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hooke ya yanko ɓawon bishiya siriri ƙwarai, ya duba shi da maikiroskof, wato na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Sai ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. A 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsirrai da dabbobi duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su. Kuka da kiyashi da ɗan Adam, tubalinsu iri ɗaya ne.

Kowace ƙwaya tana da tantani da ya kewaye ta, shi ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Tana da cibiya, inda aka ajiye bayanan gado. Tana da mitokondiriya, inda ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Ƙwayar tsiro ta ƙara da katanga mai tauri daga waje, da kuma kuloroplas, wurin haɗa abinci. Wanda ya san aikin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ya riga ya ci rabin tambayoyin wannan babi.

Yadda abubuwa ke shiga ƙwaya suna fita kuwa, kullum kuna ganinsa a gida. Idan aka sa turaren wuta a kusurwar ɗaki, ƙamshi yana tashi daga inda ya fi yawa zuwa inda babu shi har ya game ɗakin. Da irin wannan yaɗuwa ce iskar oksijin ke ratsawa daga huhu zuwa cikin jini. Idan kuma aka yanka tumatir ko albasa aka barbaɗa gishiri, ba da jimawa ba za a ga ruwa ya taru a kwano. Ruwa ne ya ratsa tantanin ƙwayoyin, ya bar inda gishiri ke da ƙaranci ya nufi inda ya fi yawa. Wannan shi ne osmosis. Shi ya sa gishiri ke hana nama ruɓewa, domin yana tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cutar da za su ɓata shi. Shi ya sa taki mai yawa ke janye ruwa daga saiwa, shuka ta yi yaushi. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa ma da wannan hikima yake aiki: sukari yana taimaka wa hanji ya sha gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin zuwa cikin jini. Kun ga abu ɗaya ya amsa tambayoyi huɗu.

DUTSE NA BIYU: INDA RAI KE SAMUN ƘARFI

Duk abin da ke motsi ko girma yana bukatar ƙarfi, asalin wannan ƙarfi kuwa rana ce. Ganyen dawa yana ɗaukar iskar kabon-dayokzaid daga sarari, saiwa ta kawo masa ruwa, koren sinadarin da ke cikinsa mai suna kulorofil ya kama hasken rana, sai a haɗa sukari, a saki oksijin. Wannan shi ne fotosintesis. Sukarin da ya yi rara ana ajiye shi a matsayin sitaci a cikin ƙwayar hatsi, ko rogo, ko dankali. Ku ɗiga aidin a kan garin rogo ku ga yadda zai koma shuɗi mai duhu: gwajin sitaci ke nan da ake tambaya a jarrabawar aiki da hannu.

Idan muka ci tuwo, sai jiki ya shiga warware abin da ganye ya ɗaure. Aikin yana farawa tun daga baki, domin a cikin yawu akwai inzayim da ke mayar da sitaci sukari. Ku tauna gurasa ku daɗe ba ku haɗiye ba, za ku ji ɗan zaƙi-zaƙi. Daga hanji sukari ya shiga jini, jini ya kai shi kowace ƙwaya tare da oksijin, a mitokondiriya a ƙona shi sannu a hankali, a sami ƙarfi, a fitar da kabon-dayokzaid da ruwa. Ku lura da tarkon da masu jarrabawa ke ɗanawa a nan: tsiro ma yana yin wannan numfashi dare da rana, haɗa abinci ne kawai ke tsayawa idan babu haske.

Wanda ya gane wannan zagaye, sauran babobi sai su zo masa da sauƙi, domin duk hidimarsa suke yi. Huhu ya shigo da oksijin, zuciya ta tura jini, hanta ta ajiye sukari, ƙoda ta tace datti. Zai kuma gane abin da ya sa ake rasa rayuka lokacin hunturu idan aka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, ko aka kunna janareta a cikin gida. Iskar kabon-monokzaid da ke fita daga gare su tana manne wa himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau ɗari biyu da wani abu. Ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci ƙwayoyin jikinsa su rasa oksijin.

DUTSE NA UKU: GADO

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ta yaya ake gadon? Wanda ya fara gano ƙa'idarsa wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno na Jamhuriyar Cek ta yau. Ya yi shekaru yana barbarar wani irin waken Turawa a lambu, yana ƙirga sakamako, ya buga bincikensa a 1866. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka yi iri, sai jikokin suka fito dogaye 787, gajeru 277, wato wajen uku bisa ɗaya. Ashe gajartar ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya rasu. A 1953 kuma Watson da Crick suka bayyana siffar sinadarin DNA mai ɗauke da gadon, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Ɗan Adam yana da kuromosom 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙannena, a nan ne Bayoloji ta wuce maganar maki ta shiga cikin gidajenmu. Cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini, da ƙa'idar Mendel take tafiya. Mai jinin AS lafiyayye ne, amma yana ɗauke da S a ɓoye, kamar dogon waken nan mai ɓoye gajarta. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Ku riƙe kalmar nan, kowane ciki. Ba wai idan an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba ne. Jar ƙwayar jini ta mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai, ga ta a lanƙwashe kamar lauje tana toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini ke zuwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, abin da ya sa Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Tambayar da za ku amsa a takarda bana, ita ce za ku amsa a rayuwa nan da 'yan shekaru.

Haka nan maganar haihuwar mace ko namiji. Uwa kullum kuromosom X take bayarwa, daga wajen uba ne X ko Y ke zuwa. Allah ne mai bayarwa, amma ga sababin da ya sanya. Saboda haka wanda ya karanta wannan babi ba zai tsangwami matarsa don ta haifi 'ya'ya mata ba.

ƊAKIN GWAJE-GWAJENKU YANA GIDA

Bayan duwatsun murhu sai tukunya, wato zaman halittu da junansu a cikin muhalli. A nan ɗan karkara ya fi ɗan birni sa'a, in dai zai buɗe ido, domin gani ya kori ji. Ku tuge wake ko gyaɗa ku dubi saiwar, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai bakteriya da ke kama naitirojin daga iska su mayar da shi taki, tsiron kuma ya ba su abinci. Wannan shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kuma shi ya sa kakanninmu ke haɗa gero da wake a gona ɗaya. Ku dubi ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yadda yake manne wa saiwar dawa yana tsotse ta, ko kauci a kan reshen bishiya: zaman cuta ke nan, ɗaya na ci ɗaya na ramewa. Ku dubi tozon raƙumi, kitse ne ajiye domin ranar rashi. Ku dubi nono yadda yake tsami, da ƙullin waina yadda yake tashi, da kalwa yadda take zama daddawa, duk aikin ƙananan halittu ne.

Ranar Babbar Salla kada ku tsaya jiran suya kawai. Ku matsa kusa da mai fiɗa, ku ga huhu da zuciya da hanta da matsarmama da saifa da ƙoda, kowanne a mazauninsa. Ku ƙirga ɗakunan cikin rago guda huɗu, ku gane abin da ya sa yake tuƙa. Ku tsaga zuciyar ku ga yadda bangon ɗakin hagu na ƙasa ya fi na dama kauri, domin shi ke tura jini zuwa jiki duka. Abin da ido ya gani hannu ya taɓa, da wuya ya ɓace a ɗakin jarrabawa.

Cututtukan da ke cikin manhajarku ma namu ne. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Macen sauro ce ke sa ta a jini, ta fara sauka a hanta, sa'an nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Ku leƙa kwata ku ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, tana tasowa saman ruwa shan iska. Tsagiya kuwa sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta shiga fatar mai wanka a kududdufi. Sanin irin wannan zagaye ne ya sa aka kawar da kurkunu ta hanyar tace ruwan sha, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da rabuwa da shi a 2013.

YADDA ZA A YI KARATUN

Na farko, ku nemi manhajar jarrabawa ku jera babobinta, ku raba su bisa makonnin da suka rage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa cikin 'yan kwanakin farko idan bai maimaita ba. Saboda haka awa ɗaya kullum ta fi kwana uku ba barci. Abin da aka karanta yau a waiwaye shi gobe, a sake bayan mako, a sake bayan wata.

Na biyu, idan kun gama babi ku rufe littafin, ku bayyana shi da Hausa ga ƙaninku ko abokinku. Inda harshe ya sarƙe, nan ne fahimta ba ta zauna ba, sai a koma. Idan ya zauna da Hausa, sai ku rubuta shi da Turanci, domin da shi za a tambaye ku. A nan ne hadda take da muhalli: sunayen kimiyya da rubutunsu daidai, harafi bayan harafi, saboda kuskuren harafi a irin waɗannan kalmomi yana jawo asarar maki. Dawa ita ce Sorghum bicolor, wake Vigna unguiculata, kuka Adansonia digitata. Kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, a ja layi ƙarƙashin kowacce.

Na uku, ku riƙa zane. Fensir mai tsini, zane babba, layi ɗaya tsaf ba tare da inuwa ba, layukan suna a ja su da rula kada su gitta juna, a rubuta sunan zanen da yawan girmamawarsa. Idan farar da aka ba ku santimita 3 ce, zanenku ya kai 12, kun girmama ta sau 4. Waɗannan makin a araha suke, amma kullum ana barin su a tebur.

Na huɗu, ku yi ta amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanku, amma bayan an karanta babi, ba a madadinsa ba. Ku koyi bambanta umarnin tambaya. Idan aka ce a lissafa, a jera kawai. Idan aka ce a bayyana, a kawo dalili. Idan aka ce a bambanta, a ja tebur, kowane bambanci ya fuskanci ɗan'uwansa. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, wanda bai saba da ita ba ya nemi inda zai gwada hannunsa tun yanzu.

Na biyar, ku guji satar amsa. Ko ta fisshe ku a nan, ba za ta fisshe ku a jami'a ba. A shekarar farko za a tara ku ɗaruruwa a zaure ɗaya, malami ya ratsa abin da kuka yi zango guda kuna koya cikin lacca biyu, ba mai bin ku da bulala, makin shekarar kuma yana bin mutum har ranar fita. Abin da za a koyar ɗin kuwa waɗannan duwatsu uku ne dai, sai dai an ƙara zurfi. Balle kuma ranar da za a kawo maka mara lafiya, babu wanda zai miƙo maka amsa ta taga.

KIRA GA 'YAN'UWANA TSOFAFFIN ƊALIBAI

Kafin in zauna, ina da roƙo ga ƙungiyarmu. Bai kamata yaro ya zana ƙwayar halitta shekara uku bai taɓa ganin ta da idonsa ba, alhali fatar albasa da ɗigon aidin sun isa, in akwai maikiroskof. Ina ba da shawara a cikin gudummawar bana a ware wani kaso domin sayen maikiroskof da madubin hannu da sinadaran gwaji, a kuma raya lambun makaranta. Likitoci da malaman gona da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, kowa ya ba da Asabar ɗaya a zango ya zo ya zauna da yaran nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malamanmu kuma sun yi iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu.

Ku kuma ƙannena, ku riƙa tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ku girmama malamanku, ku nemi albarkar iyayenku, ku haɗa ƙoƙari da addu'a. Allah ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya sa ku amfani al'umma da abin da kuka koya. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya saka musu da alheri. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya maimaita mana na baɗi.